Motsin Bakin Inna

Gawon Nama, Sakkwato,
goman tsakiya na azumi.

Zuwa ga ɗiyata Hafsatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ya ibada, ya aikin asibiti, ya haƙurinmu duka. Allah shi jiƙan Innarku, shi sa ta huta.

Ki yi haƙuri da karkataccen rubutu, rabona da biro tun ina lissafin buhu a kasuwa. Waya kuwa kin san ba ta da amfani gare ni. Injin niƙan nan da na tsaya kansa tun kafin a haife ki ya niƙe gero, ya niƙe dawa, ya haɗa da kunnuwana. Da can ban damu ba, tunda ina kallon bakin mutum in gane abin da yake faɗi, har gulmata da ake yi daga tsallaken titi ina tsinta. Yanzu wagga cuta ta zo, kowa ya ɗaure bakinsa da ƙyalle. Yayanki Gazali in ya shigo gaishe ni, takunkumi har ƙarƙashin ido, sai dai in ga gira na hawa tana sauka, ban san ko gaisuwa yake ba ko faɗa. Ko magariba sai na ga ya ɗauki dabino nake sanin an sha ruwa. Garin Sakkwato duka ya yi mani shiru lokaci guda.

Ranar da anka kai Innarku maƙabarta, masu fararen kaya ne sunka sa ta a rami, mu muna tsaye daga nesa. Munka yi salla, kowa da tazara tsakaninsa da ɗan'uwansa. Ban ga fuskarta ba. Ba a yi zaman makoki ba, Gazali ya rufe zaure, masu gaisuwa sai dai su ɗaga hannu daga bakin titi su wuce. Na dawo na iske tsintsiyarta jingine inda ta bar ta. Tana nan har yau. Ba wai ina ajiyarta don wani abu ba ne, ban dai ɗauke ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ke ce kike aiki a ɗakin da anka kwantar da ita, ke kaɗai cikinmu kinka gan ta. Ina so in san yadda ta cika. Ita kaɗai ce, ko da mutum a kanta? Ta yi magana? In ta yi, mi ta ce? Kar ki yi mani kwana-kwana irin taku ta ma'aikatan jinya, ni ba majinyaci ba ne.

Wani abu kuma. Kular abincin da matar yayanki Sadiya ke zuba maki, Gazali na kai ta ƙofar asibiti, ni ke karɓarta in ya dawo da ita. Hannuna ya daɗe yana ɗaga kwanon mutane, ba a ɓoye mani nauyi. Yadda ta tafi haka take dawowa. Kin yi kuka kuwa?

Ki sa amsa cikin kwandon kula. Allah shi tsare ki.

Mahaifinki,
Attahiru mai inji.


Masaukin ma'aikatan jinya,
ranar Laraba.

Zuwa ga mahaifina,

Wa'alaikumus salam, Baba. Ina gaishe ka cikin girmamawa. Ya ƙarin haƙuri, ya ƙishirwa. A gaishe da Yaya Gazali da Anti Sadiya da yara.

Ka ce kar in yi maka kwana-kwana, to ba zan yi ba. Inna ba ta rasu ita kaɗai ba, ina tsaye a kanta. Ranar da aka kawo ta shugabarmu ta ce in koma wani ɗaki, na ce a'a. Ta dube ni ta ƙyale ni. Inna ta gane ni duk da rigar leda da gilashin fuska, ta ce tafiyata ta gani, wai ina jan ƙafar hagu irin taka. Lokacin muryarta na fita.

Ranar ƙarshe da yamma ne. Numfashi ya yi mata wuya tun azahar, muka ƙara mata iska. Robar da ke rufe mata hanci da baki garai-garai take, ana ganin leɓe ta ciki. Sai ta kama hannuna, ta dube ni, bakinta na motsi. Babu murya. Ko da akwai ba zan ji ba, injuna na ƙara, kaina kuma na cikin hular leda. Na sunkuya, ta sake yi. Abu ɗaya take maimaitawa, ta yi ta yi, har da ɗan tamke girar nan da take yi in an bar mata ƙofar kicin a buɗe. Da na ga tana wahala sai na ɗaga mata kai kamar na gane. Nan ta saki hannuna ta rufe ido. Na yi ta karanta mata kalmar shahada a kunne. Ban sani ba ko ta ji. Ba a daɗe ba ta cika.

Ban san abin da ta ce ba, Baba. Ba shahada ba ce, na gwada a gaban madubi. Shahada harshe ke yin ta, leɓe ba ya wani motsi. Wannan kuwa wajen ƙarshensa leɓe yana turowa gaba, ya dunƙule, sannan ya buɗe. Na gwada sunanka, na gwada na Yaya, na gwada nawa da na jikokinta, babu wanda ya zauna.

Abin da na iya kawai, na haddace motsin. Kowace safiya ina yin sa a madubin bayi kafin in ɗaura takunkumi. Ina iya yin sa daga farko har ƙarshe, ban san me nake faɗa ba. Ba abin da zan iya rubuta maka ba ne. Duk wanda na sani, kai kaɗai ne za ka iya karanta shi.

Ban yi kuka ba. Washegari na koma aiki, aka sa wata tsohuwa a gadon, na gyara mata filo. Ba na jin komai. Babu baƙin ciki, babu yunwa, babu ƙishi. Ka ce wa Anti Sadiya ba laifin girkinta ba ne. Ina buɗe kular in kalli abincin, in ɗan taɓa, in rufe.

Ka huta lafiya.

'Yarka,
Hafsat.


Gawon Nama,
Asabar.

Hafsatu,

Salamu alaikum, ya ibada. Takardarki ta iso, amma sai da Gazali ya shanya ta kan katanga yini guda, ya ɗora mata dutse, kamar mai busar da kuɓewa. Wai rana ta kashe abin da ke jikinta. Ina zaune ina kallonta daga nesa, ba halin in taɓa. Yaron nan tun da ya fara aikin ofis a Sama Road komai nasa sai da ƙa'ida.

Na karanta. Na gode Allah da ba ita kaɗai ba ce. Sauran kuma ban san mi zan ce ba.

Jiya Gazali ya nuna mani hoton da kinka ɗauka mai motsi, kinka turo a wayarsa. Allah shi yi maki albarka, amma bai yi ba. Bakinki a ciki bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ga shi yana tsayawa yana zabura. Na sa tabarau, na cire, na kai shi bakin taga. Ya nemo babbar waya wajen maƙwabci, nan ma dai haka. Ku kuna zaton leɓe kaɗai nake kallo. Ina kallon kumatu, ina kallon maƙogwaro, ina kallon inda mutum ke jan numfashi, duka tare. Gilashi ba ya kawo wanga. Na tsinci wani abu kamar farkon magana, sai ya kuɓuce, na ce ma Gazali shi ɗauke abinsa kafin in ƙirƙiro ma matata maganar da ba ta yi ba.

Ki zo gida. Ki tsaya bakin zaure, ni ina ciki, ki sauke ƙyallen ki yi. Abin da bai fi ɗaura alwala daɗewa ba. Gazali ya rubuta mani a bayan kwalin sabulu cewa ina da ciwon suga da hawan jini, in cutar ta kama ni ba zan kai labari ba. Na ce masa na ji. Gidan dai nawa ne.

Kular jiya ma da nauyinta ta dawo.

Wassalam.
Babanki.


Masaukin ma'aikatan jinya,
goman ƙarshe.

Baba,

Ina gaisuwa, ina fatan kana shan maganinka a kan lokaci.

Ba zan zo ba. Yaya yana da gaskiya. Biyu daga cikin waɗanda muke kwana ɗaki ɗaya sun kamu, ɗaya tana kwance a layin gadon da Inna ta kwanta. Ni ma ban san abin da ke jikina ba. Na ga yadda cutar ke yi wa mai suga, kullum ina gani. An ce bayan Salla za a sauya mu, a gwada mu, a ba mu 'yan kwanaki kafin mu dawo.

Ko ba don haka ba, ka san lungunmu. Ranar da na zo ɗaukar wa Inna zannuwa, kafin in kai ƙofa mata sun janye yaransu, mai shago ya ce in ajiye masa kuɗi a ƙasa. Bayan sun gudu kuma sai suka jeru a ƙofofi suna kallo. Ban ji haushi ba. Amma ba zan iya tsayawa a tsakiyar titi in yi bakin Inna a gaban 'yan kallo ba.

Akwai abin da ya kamata ka sani. Shekaranjiya na tsaya gaban madubi, na fara, sai na rasa ko a farkon ana buɗe baki sosai ne ko kaɗan. Na tsaya ina kallon kaina. Can ya dawo. Jiya ma ya yi mani haka, wajen tsakiya. Kullum ina yi, amma na fara shakkar ko nata nake yi ko na jiya da na gani a madubi. Ban ji tsoro ba, na dai lura yana raguwa. Na ga ya dace in faɗa maka tun da sauransa.

Allah ya kai mu Salla lafiya.

Hafsat.


Gawon Nama,
jajibirin Salla.

Ɗiyata Hafsatu,

Assalamu alaikum. Allah shi karɓi ibadarmu, shi maimaita mana. Bana ba ɗinki, ba tuwon Salla na kirki, Sadiya ce dai ta ce za ta yi waina don yara.

Na samu wuri. Kin tuna Malam Sa'ad, wanda ke kawo mani niƙan dawa a kan jaki, mai garkar mangwaro a bakin gulbi bayan Kwalkwalawa? Ya zo gaisuwa, ya tsaya can nesa, ya sauke ƙyallensa, mutumin kirki. Shi ne na farko da na ga bakinsa tun rasuwar. Ya ce bana motocin da ke zuwa daga kudu su kwashe masa mangwaro ba su zo ba, an rufe hanyoyi, 'ya'yan itace na faɗowa suna ruɓewa a ƙasa, awaki ma sun gaji. Shi ne ya buɗe garkar ga masu iyali. Ba mai tsinko maka. Ana ba ka kwando da maƙata, a nuna maka itacenka, kai da iyalinka ku tsinka da hannunku. Itatuwan kakansa ya dasa su, nesa-nesa da juna, kowane gida da nasa, ba mai raɓar wani. Ya ce masu zuwa na ta ƙaruwa, mutane sun gaji da zaman ɗaka.

Na ce shi ware mana biyu masu kallon juna. Akwai wasu da hanyar ruwa ta ratsa tsakaninsu, ke tsallake, mu tsallake. Ba lungu, ba 'yan kallo, kowa kansa na sama yana neman nunanne.

Gazali ya yi gardama yini biyu. Da Sadiya ta sa baki, ta ce yaran nan tun da anka rufe makaranta ba su taka waje ba, Ummulkhairi har ta fara magana da kaji, sai ya yarda. Amma ya ce sai an gwada ki an ga ba komai, kuma ki zo a motarki daban, kuma ba tsallake ruwa. Na ce duk na sa hannu.

Ga nawa sharuɗɗan. Mu je da hantsi. Ki tsaya inda rana ke dukan fuskarki, ban da inuwa. Ki ja gyalenki baya in ga maƙogwaro. Kar ki wage baki kamar yadda mutane ke yi in suna ma kurma magana, wanga shi ke ɓata komai. Yadda ta yi za ki yi, ko da ƙanƙane ne.

Mangwaro na gab da ƙarewa, in ruwa ya sauka sosai shi ke nan. Ki riƙe abin nan da kyau har ranar. Innarku na son mangwaron paparanda, da haƙori take ɓare shi, ba ta yarda da wuƙa. Ban san abin da ya sa na rubuta wanga ba.

Sai mun haɗu, in Allah ya so.

Mahaifinki,
Attahiru.


Masaukin ma'aikatan jinya,
Talata.

Baba,

Ina gaishe ka. Ina fatan kun isa gida lafiya ranar Lahadi, kuma zafin rana bai taɓa ka ba.

Na jira takarda cikin kwando jiya, babu. Yau ma babu. Shi ya sa na rubuto. Muna wuri ɗaya ranar, amma ban san abin da ka gani ba, kai ma ba ka san yadda abin ya kasance daga tsallakena ba.

Na riga ku zuwa. Malam Sa'ad ya ajiye mani kwando da maƙata a ƙasa ya ja baya, ya nuna mani itacen da hannu. Garkar cike take, amma ba ka ganin taro. Can wani mutum da matarsa da yara sun shimfiɗa tabarma, can wasu 'yan mata suna ta tsalle sun kasa kai wa reshe. Ana gaisawa da ƙarfi daga itace zuwa itace, ana tambayar naku ya nuna kuwa. Ƙasa duk ruɓaɓɓen mangwaro da ƙudaje. Na tsaya ina kallo kamar ana nuna mani a talabijin.

Da kuka iso Ummulkhairi ta kwaso a guje tana kiran Goggo, Anti Sadiya ta cafko ta ta bayan riga daf da ruwan. Ba ka ji abin da yarinyar ta ce ba. Cewa ta yi, “To in ba za a taɓa ta ba me ya sa aka zo?”

Ka zo ka tsaya a bakin ruwan. Ka rame, rigarka ta yi maka yawa. Na shiga rana yadda ka ce, na ja gyale, na sauke takunkumi. Ka gani da idonka, bakina bai motsa ba. Na nema na rasa. Ba farko, ba tsakiya. Ina tsaye da baki a sake, ina jin Yaya yana cewa in kwantar da hankalina, alhali hankalina a kwance yake, babu komai ne kawai a wurin. Na ce a raina shi ke nan, na kawo ka har nan a banza.

Sai ka ɗaga hannu yadda kake yi in za a kashe inji, ka nuna mani maƙata, ka ce, “Tsinko muna mangwaro tukuna.” Ka san in kana magana ba ka jin ƙarfin muryarka. Duk garkar ta ji, har masu tabarma suka waiwayo. Na ɗauki maƙatar. Kana ta ba ni umarni daga tsallake, “Ba wanga ba, na sama, mai jan kumatu.” In na saƙalo ya faɗo ya fashe, ka ce an ba ma'aikaciyar jinya allura ta iya, an ba ta sanda ta kasa. Yara na dariya. Ƙaro ya zubo mani a hannu, tururuwa suka hau mani ƙafa. Na fara gane yadda ake murɗa maƙatar a hankali a tare da gyale. Waɗanda suka faɗo lafiya na riƙa gangaro muku su ta kan ɗan katakon da aka gitta a ruwan, Yaya na wanke kowanne da sabulu kafin ya ba yara. Na manta abin da ya kawo ni.

Ina cikin kallon sama, wuyana ya gaji, sai na ji bakina yana yi da kansa. Na saki maƙatar na juyo. Kana kallona dama. Na yi shi daga farko har ƙarshe, na san kuma nata ne, ba na madubi ba, don har girata na ji ta tamke. Ka ɗaga yatsa, na sake. Ka kuma ɗagawa, na kuma. Na ga leɓenka yana bin nawa.

Daga nan ka sunkuya ka ɗauki kwandon da bai cika ba, ka juya, ka nufi mota. Yaya ya bi ka, ka ɗaga masa hannu. Ka shiga ka zauna ka rufe ƙofa cikin wannan zafi. Anti Sadiya ta tattara yara. Da za ku wuce ka sauke gilashi ka ce Allah ya yi mani albarka, ba ka dube ni ba. Na zauna a gindin itacen har Malam Sa'ad ya zo ya ce akwai masu jiran wuri.

Ka gane, Baba, na ga ka gane. In magana ce mai zafi, ka faɗa mani. In a kaina ce, in wani abu ne ta nema ban yi mata ba, ka faɗa mani. Ba abin da zai same ni, ba na jin komai dama.

Yau da safe na gwada a madubi, ya tafi gaba ɗaya. Yanzu a wurinka kaɗai yake.

'Yarka,
Hafsat.


Sama Road, Sakkwato,
Alhamis.

Hafsat,

Assalamu alaikum. Tare da fatan kina lafiya. Na rubuto ne saboda na kira wayarki ba adadi ba ki ɗauka ba.

Na farko, lafiyar Baba ƙalau. Na auna zafin jikinsa da sugansa, babu matsala, kuma babu tari. Yara ma lafiya.

Na biyu, takardarki ta same shi, ya karanta. Tun ranar Lahadi yake buɗe shagon inji da safe ya zauna a kan benci, ba ya tayar da injin, masu niƙa su zo su koma. Na rubuta masa tambaya a takarda na miƙa masa, ya ninke ta ya sa a aljihu. Na sauke takunkumi na tambaye shi baki da baki, karo na farko, ya kawar da kai. Kin san in ya kawar da kai an gama magana. Sadiya ta ce ta ga yana rubutu yana yagawa.

Mangwaron da kika tsinko ya hana kowa taɓa sauran. Ya zaɓe ɗanyun ya nannaɗe su a takardar buhu ya sa a ƙarƙashin gadon Inna, wai su nuna.

Ina ba ki shawara ki ƙara haƙuri, kada ki matsa masa. Amma in ya faɗa miki, don Allah ki sanar da ni. Ni ma uwata ce, kuma ni ko motsin bakin ban samu ba.

Ki riƙa ɗaukar waya.

Yayanki,
Gazali Attahiru.


Gawon Nama,
Juma'a.

Ɗiyata Hafsatu,

Assalamu alaikum. Ki yafe mani shirun da na yi, na bar ki kina zargin kanki.

Tun karon farko na gane. Na sa ki maimaita ne don ina neman wani abu bayansa, ko sunana, ko ta ce ta yafe mani, ko ta ce in yafe mata. Shekara arba'in da ɗoriya muna tare, na ɗauka in da sauran numfashi ɗaya nawa ne. Ba nawa ba ne. Na ji haushi, ba zan ɓoye maki ba, na ji haushinta na ji naki, sannan na ji kunyar kaina. Tsoho da furfura yana kishin ɗiyarsa.

Ga abin da ta ce: “An kira salla, je ki sha ruwa.”

Kin ce da yamma ne. Magariba ce ta yi. Ita ta ji ladan, ke kanki na cikin leda ba ki ji ba. Tana kallonki tun safe kina tsaye a kanta cikin wagga riga, da azumi a bakinki. Shi ne take ta korar ki, har da tamke gira don kin ƙi tafiya. Da kinka ɗaga mata kai ta ɗauka kin ji, shi ya sa ta saki hannunki. Sakin ki ta yi ki tafi.

Ba yadda za a yi in kasa karanta shi. Tun da kunnuwana sunka mutu, duk azumin duniya ita ke fitowa har bakin shago in rana ta faɗi, ta tsaya gabana cikin ƙurar gari, ta yi mani wanga bakin, don ta san ba ni jin ladan. Bana ne kaɗai ba ta zo ba. Sai ga shi na gan shi a fuskarki tsakiyar garka, da girar da komai. Ƙafafuna ne sunka kai ni mota, ban san na tafi ba.

Batun shahada kar shi dame ki. Kin karanta mata, kuma Ubangijin da take faɗa ma ita safe da yamma ya san bakinta fiye da ni. Innarku Kulu ta tafi tana abin da ta saba, tana duba wanda bai ci ba.

Na faɗa ma Gazali ɗazu. Ya shiga ɗakinta ya rufe ƙofa, har yanzu bai fito ba.

To, kin ɗaga mata kai, Hafsatu, kuma ba ki je ba. Ga fura nan cikin kula, geron ni na niƙa shi da safe, na tada inji dominsa. Ga paparanda uku daga cikin naki, sun nuna. In kula ta dawo zan ɗaga ta.

Allah shi yi maki albarka.

Mahaifinki,
Attahiru.


Asabar.

Baba,

Ina gaisuwa. Na karanta a tsaye a bakin ƙofa, sai na ga ina zaune a ƙasa. Abokiyar aikina ce ta karɓar mani aikin yamma, don idona ba ya buɗuwa.

Mangwaron da haƙori na ɓare. Ga kular nan, ka ɗaga ka ji.

'Yarka,
Hafsat.